Kayan wasan katako don marayu: yadda aikinmu ke tafiya a Bauchi

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau muka tsayar da magana a shagon Baba kafinta da ke unguwar Jahun. Za mu ƙera kayan wasa na katako guda 200 kafin ƙaramar Sallah, wadda lissafi ya nuna za ta zo a ƙarshen Maris. Kaso mafi tsoka na wani gidan marayu ne da wata ƙungiyar mata ke riƙe da shi, ragowar kuma na yaran da jinya ta kwantar a asibiti. Baba ya ba da shago da kayan aiki duk Asabar, yaransa uku sun ce da su za a yi, zane da awo kuma nawa ne, tunda aikin katako na koyar a makarantar fasaha har na yi ritaya.

'Yar ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, ita ce ta gindaya sharaɗi. Ta ce, "Kawu, ni na san abin da ake cirowa daga maƙogwaron yara. Ƙwayar gyaɗa, maɓalli, murfin biro, ƙaramin batirin agogo. In za ku yi, ku yi wanda ba zai kawo mini yaro a sume ba." Muka amince cewa duk abin da bai ci gwaji ba, ba zai bar shago ba.

To, wane gwaji? Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana da tsarin SONCAP na kayan da ake shigowa da su, da MANCAP na masana'antun cikin gida. Amma babu jami'in da zai ratso lungun Jahun don duba motar katakon da za a bayar sadaka. Dole mu zama masu duba kanmu. Na ɗauki nauyin nemo ƙa'idojin Amurka da na Turai mu ari awonsu.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun wuni a kasuwar katako. Da jama'a suka ji abin da ya kawo mu, sai aka yi ta tura mana guntaye kyauta, Allah ya saka musu. Amma mafi yawa mun bar su a can. Guntayen katakon rufi kusan duk an shafe su da baƙin mai ko maganin gara. Baba yakan fere gefe da wuƙa ya kai hanci, in ya yamutsa fuska shi ke nan an gama. Falankin nan na garin katako da aka matse da gam, irin na kabad ɗin zamani, shi ma mun ƙi shi, don in ya jiƙa marmashewa yake yi, ga sinadarin fomaldihaid a gam ɗinsa. Akwai kuma katakon da ake ɗora kaya a kai cikin kwantena. Shi yana zuwa da hatimi: in an rubuta HT, da zafi aka kashe ƙwarin cikinsa, in kuwa MB ne, hayaƙin guba aka turara masa. Ko mai HT ɗin ma ba ka san me ya zube a kansa a hanya ba. Loko kyakkyawan itace ne, sai dai ƙurarsa na sa ƙaiƙayi da tari.

Malaina muka saya da kuɗinmu. Itace ne da aka kawo daga Indiya da kewayenta ana shukawa a nan, fari ne, ba nauyi, ba wari, kuma yana karɓar samfefa. Da sauran danshi a jikinsa tunda yanzu damina ke bankwana, don haka mun jera shi a rumfa, da 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tun farkon mako babu wuta, ba Bauchi kaɗai ba, kusan duk Arewa. Manyan layukan da ke kawo mana wuta ne suka faɗi, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna da aka lalata. Litar fetur ta haura naira 1,000, kunna janareta don aikin sadaka bai taso ba. Sai muka koma ga zarton hannu, na kuma samu sararin zama da yaran shago na bayyana musu abin da na karanto.

Abu na farko shi ne ma'aunin ƙananan abubuwa, wanda Amurka da Turai duk suke amfani da shi. Ɗan bututu ne mai faɗin milimita 31.7, wato inci ɗaya da kwata, gindinsa a karkace, zurfinsa daga milimita 25.4 a gefe ɗaya zuwa 57.1 a ɗaya gefen. An yi shi ne daidai da maƙogwaron ƙaramin yaro. Duk abin da ya shige ciki ɗungurungum, ba a yarda a ba wa yaron da bai kai shekara uku ba, ko da kuwa wani ɓangare ne da ya ɓalle daga jikin abin wasan. Abin da yake dunƙule kamar ƙwallo awonsa ya fi tsauri, sai ya wuce milimita 44.5. Baba ya ɗauko guntun ƙirya ya huda rami mai faɗin milimita 32, muka rataye shi da ƙusa kusa da ƙofa.

Su can suna raba kayan wasa ne bisa shekaru, a rubuta a kwali cewa wannan na mai shekara uku zuwa sama ne. A gidan marayu wannan rabon ba zai yi aiki ba. Motar da ka ba ɗan shekara shida da safe, kafin la'asar tana bakin mai rarrafe, don tabarma ɗaya suke zama. Mun yanke cewa komai za mu yi shi ne tamkar na ɗan shekara ɗaya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau an yi 'yar muhawara, kuma ina so in rubuta ta filla-filla.

Wani Alhaji mai shagon kayan gini, mutumin kirki da ya daɗe yana taimakon marayu, ya zo da galan uku na fentin mai a bayan mota: ja, rawaya da kore. Yaran shago har sun fara tsara wace mota za ta sha wane launi. Na yi masa godiya, na ce ba za mu iya shafawa ba, don tsoron kada akwai gubar dalma a ciki. Ya ce, "Haba Malam, ai ba a raina kyauta. Yaran da ke wasa da gwangwani mai tsatsa, fenti ne zai dame su?" Baba ma ya goyi bayansa, ya ce shekara da shekaru yana shafa wa gadon jarirai irin wannan fenti, bai taɓa jin wani abu ya faru ba.

Na ce, "Baba, ai matsalar ke nan, ba a ji." Dalma ba ta yi wa yaro ihu. A Zamfara ta yi, a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, har sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo. Amma ta fenti a hankali take shiga. Yaro ya ciji mota, ya haɗiyi ɓarɓashi, gobe ya ƙara. Ba zazzaɓi, ba kumburi. Sai an kai shi makaranta a ga ba ya riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne, alhali ƙwaƙwalwar ce aka taɓa tun yana goye, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa. Yaron da cikinsa ba ya cika, ko yake da ƙarancin jini, ya fi kowa tsotsewa. Su waye waɗannan in ba yaran da muke wa aikin ba?

Ban ce fentin Alhaji na da dalma ba. Gwangwanin bai faɗa ba, ido kuma ba ya gani. Amma an sha gwada fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar nan aka samu dalma mai yawa a wasu, musamman rawaya da ja masu ɗaukar ido, saboda da sinadarin dalma ake fito da launin. Sai da na'ura ko ɗakin gwaji ake tantancewa, ba mu da halin wannan. 'Yan tsinkayen gwajin da ake sayarwa don amfanin gida kuwa, hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka ta gwada su a 2007 ta ce ba abin dogaro ba ne.

A wannan shekarar ta 2007 ce kamfanin Mattel ya janye miliyoyin kayan wasan da aka ƙera a ƙasar Sin, wasu don dalma a fenti, wasu don ƙananan maganaɗisu da ke ficewa. Abin da ya biyo baya shi ne dokar da Shugaban Amurka Bush ya sa wa hannu a Agustan 2008, wadda ta rage dalmar da aka yarda da ita a fenti daga kashi 600 cikin miliyan zuwa 90, ta kuma wajabta kai kayan yara ɗakin gwaji. Hankalin ƙananan masu sana'ar hannu ya tashi, har da tsofaffin da ke ƙera kayan wasa suna rabawa kyauta lokacin Kirsimeti, don kuɗin gwajin ya fi ƙarfinsu. A 2009 hukumar ta fitar da jerin kayan da a halittarsu ba su ɗauke da dalma, ba sai an gwada su ba, ciki har da auduga, ulu, da katakon da ba a shafa masa komai ba. Wannan ita ce ƙofar talaka, can da nan: ka bar katako yadda Allah ya yi shi.

Sannan na faɗa wa Alhaji abin da ya fi damuna. Wanda ya sayi abu da kuɗinsa, in ya ga aibi zai dawo da shi ya ɗaga murya. Maraya ba zai dawo da komai ba. Hajiyar da ke kula da su ma ba za ta yi ƙorafi ba, don tana tsoron kada gobe a daina kawowa. Kenan wanda ake ba kyauta ba shi da mai tsaya masa sai wanda ya ba shi. In muka ce "ai kyauta ce" muka sassauta, mun zaɓi yaron da ya fi kowa rauni mun ɗora masa abin da ba za mu ba jikokinmu ba.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "To me kuke buƙata?" Ya mayar da fentin, bayan azahar ya aiko yaro da samfefa mai kauri da mai laushi, da bokitin farin gam na katako. Baba bai ce ya gamsu ba, amma shi ya kawo shawarar ado: a ɗora ƙarfe a garwashi a ƙona zane a jikin katakon, yadda masu ƙwarya ke yi. Ido, ƙofar mota, fitila, lamba, duk da ƙuna. Babu abin da za a liƙa balle ya ɓalle.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Abin shafawa. Man gyaɗa ya fita, don yana yin ɗoyi in ya daɗe, yana jawo tururuwa, kuma akwai yaran da jikinsu ba ya son gyaɗa. Mun sayi kakin zuma wajen masu zuma, muka narka kashi ɗaya da kashi huɗu na farin man farafin da ake sayarwa a kemis don sha. Na jaddada wa yara cewa wannan ba kananzir ba ne, kada wani ya haɗa su. Ana narkawa ne a kwano cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba. A shafa, a bari ya kwana, a goge da tsumma. Malainan ya koma ruwan zuma, yana ɗan sheƙi.

Asabar, 21 ga Disamba

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa, ya kuma yi mana aikin tantancewa. Tayoyin da aka yanka daga falankin da bai gama bushewa ba sun tsage, wasu har gida biyu, kuma rabin taya yana shigewa ramin ƙirya. Mun zubar da su. Yanzu faɗin taya santimita 6 ne, kaurinta 2, daga busasshen falanki. Sandan da ke riƙe tayoyi na katako ne, yana ratsa jikin motar, a sa gam, sannan a huda ta gefen taya a cusa siririn turke ya kulle shi. Ba ƙusa ko ɗaya a jikin komai.

Gwaji uku muke yi, duk aro ne daga ƙa'idar Turai mai suna EN 71. Ana sako abin wasan daga tsayin santimita 85 sau biyar. Mu daga mita ɗaya muke sakowa a kan siminti. Ana jan duk abin da yatsa ko haƙori zai iya kamawa da ƙarfin da ya kai kusan kilo 9 na tsawon daƙiƙa goma. Mun aro sikelin rataye wajen wani mai sayar da hatsi, a ɗaura igiya a taya a ja har allura ta kai tara. Na uku shi ne jiƙawa: a tsoma a ruwa minti huɗu, a fitar ya huta, a maimaita har sau huɗu, don yawun yaro yana sassauta gam. Bayan nan duk abin da ya saki, a gwada shi a ramin ƙirya.

Gwajin sartse namu ne. Ƙaramin yaron shago yana da tsohuwar safa ta nailan da yake sa wa hannu ya bi kowace kusurwa. Inda zare ya kama, a koma da samfefa. Shi ya fi kowa tsanani, har manyansa yake mayar wa aiki.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Zuwa yau akwai tifa, motar haya, Keke Napep, da tubalan gini masu faɗin santimita 5 da aka ƙona musu haruffan boko a gefe, na ajami a ɗaya gefen. Kacau-kacau mun fasa yi, don dole sai an sa tsakuwa ko ƙwaya a ciki, ranar da ya fashe kuwa an shiga uku.

Giwa ce ta ba mu aiki. Ba zai yiwu a yi wa yaran Bauchi dabbobi babu giwar Yankari ba, tunda garken da ke can na cikin mafi girma da suka rage a ƙasar nan, kuma yawancin yaran ba su taɓa zuwa ba. Amma hanci da haure su ne ainihin abin da ke karyewa. Katako yana da jijiya, ƙarfinsa a tsawonta yake. In jijiyar ta bi tsawon jikin giwar daga kai zuwa wutsiya, to ta ratsa hanci da ƙafafu a kwance, faɗuwa ɗaya hancin ya ɓalle. Mun juya zanen jijiya ta bi tsaye, muka lanƙwasa hancin ya dawo ya haɗe da ƙafar gaba, sai ɗan rami tsakani wanda yatsa ke shiga ya fita ba tare da maƙalewa ba. Haure kuma layin ƙuna ne kawai. Haka aka yi wa wuyan raƙumi, aka ƙara masa kauri fiye da na gaskiya.

Ɗaya daga cikin yaran ya tambaya ko ya halatta a sassaƙa surar dabba. Tambaya ce mai kyau, ban so in amsa da ka ba, muka je wajen limamin unguwa bayan la'asar. Ya ce ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da doki mai fukafukai, kuma a kan haka ne mafi yawan malamai suka yi rangwame a kayan wasan yara. Hankalin yaron ya kwanta, shi ne ma yanzu gwanin raƙumi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Igiyar ja. Ƙa'idar Amurka ta ce abin wasan da ake ja, in na ƙasa da shekara uku ne kuma igiyarsa ta wuce santimita 30, kada a sa mata wani abu a baki da zai iya harɗewa ya zama zarge. Mu mun cire igiyar gaba ɗaya, ba mu ma huda ramin ɗaurawa ba. Na san manyan yara za su nemo zaren buhu su ɗaura, zan roƙi Hajiya ta sa ido.

Kowane abu yanzu yana da ƙuna a ƙasansa: wata da shekarar da aka yi shi. Dokar 2008 ɗin nan ta wajabta irin wannan alama don a iya gano kaya a janye in matsala ta ɓullo. Muna da littafi da ake rubuta wane falanki aka yi amfani da shi, wa ya haɗa, ina aka kai. Leda ba za mu sa ba, saboda yara na rufa ta a kai. Wani tela maƙwabcin Baba ya ɗinka mana 'yan jakunkuna da ragowar atamfa, ba zariya.

Laraba, 26 ga Maris

Azumi ya rage mana gudu, aikin safe kawai ake yi. Guda 174 suka ci gwaji, ba mu cike 200 ba, kuma ba mu tura waɗanda suka faɗi don cike lissafi ba. Yau muka kai. A gidan marayu Hajiya ta shimfiɗa tabarmi a inuwa aka juye. Wata yarinya da ba ta wuce wata goma sha takwas ba ta ɗauki giwa, ko kallonta ba ta yi ba ta kai hancin baki ta kama gurgura da sababbin haƙoranta. Baba yana tsaye kusa da ni, ya dafa kafaɗata bai ce komai ba.

Na asibiti 'yar ƙanwata ta karɓa. Sharaɗinsu shi ne kowane yaro nasa nasa ne, ya tafi da shi gida in an sallame shi, ba a yawo da shi daga gado zuwa gado, don katako ba ya wankuwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta kamar ƙarfe ko roba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mun koma dubawa, makonni uku bayan Sallah. Tubala, tifa da dabbobi lafiya lau, sai tabon haƙora. Keke Napep ne ya nuna rauni. Yaran sun buɗe wajen wankin mota a gindin famfo, su jiƙa su shanya a wannan rana ta Afrilu, kullum. Katako ya kumbura ya motse har gam ya saki, turken tayar gaba na guda biyu ya fara leƙowa. Turken nan yana shigewa ramin ƙirya. Ba wanda ya haɗiya, alhamdu lillahi.

Hajiya ta ce, "Malam, ai biyu ne kacal, a bar musu sauran, suna son su." Na ce ta yi haƙuri, ƙira ɗaya ce, abin da ya samu biyu zai samu sauran. Muka kwashe duk Keke Napep ɗin gidan, muka bar musu tifa a madadi. Littafi ya nuna guda shida sun tafi asibiti, 'yar ƙanwata tana kiran iyayen ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya riga ya zana gyara: tayar gaba za ta zama haɗe da jikin keken, sassaƙa ɗaya, ba ta juyawa, kamar yadda hancin giwa ya haɗe da ƙafa. Tayoyin baya kuma za a ƙara wa sandansu kauri. Gwajin jiƙawa ma mun ƙara masa tsanani, a kwana a bokiti, a wuni a rana, kwana uku a jere, sannan a rataya a sikeli. Asabar mai zuwa za mu gwada na farko, daga nan mu wuce kasuwa mu sayi malainan baɗi tun ruwa bai sauka ba.